Rage Sautin Rediyonka

Duk wanda ya taɓa bugo waya gidan rediyo ya san abin da muke fara ce masa, tun kafin mu gama amsa sallamarsa: "Malam, rage sautin rediyonka." Wasu suna jin haushi, suna ɗauka wulaƙanci ne. Alhali dalilin a fili yake. Idan akwatin rediyonka yana buɗe kusa da kai, muryarka za ta fito daga cikinsa ta shiga wayarka, ta dawo mana ɗakin watsa shiri, mu sake watsa ta, ta sake fitowa daga akwatin ta sake shiga wayar. Kafin ka ƙifta ido maganar ta zagaya sau goma, kowane zagaye tana ƙara ƙarfi, har ta koma wata ƙara mai tsinka kunne wadda babu kalma ko ɗaya a cikinta. Shekara 11 ke nan ina faɗin wannan jimla kusan kullum, amma sai da aka karya wa wani bawan Allah ƙafa saboda ni sannan na fahimci abin da nake faɗa.

Shirin da nake gabatarwa na dare ne, daga ƙarfe 9 zuwa 10 da rabi, a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Damagaram. Ana buɗe layi, jama'a su kira su faɗi albarkacin bakinsu. A daren da nake magana, farkon shigowar sanyi ne, kuma muna kan batun ruwan sha, wanda duk ɗan garin nan ya san ba ya ƙarewa. Sai wani mutum ya kira ya ce shi ba maganar ruwa ta kawo shi ba, yana da sanarwar gaggawa ga iyaye. Ya ce an ga wata farar mota tana fakewa kusa da wata lakwal, da wani mutum a ciki yana kiran yara yana ba su alewa. Na ce masa Allah ya kiyaye, na yi godiya, na koma kan ruwa.

Ruwan bai sake samun shiga ba. Wanda ya biyo baya ya ce shi ma ya ji, kuma motar baƙin gilashi gare ta. Na bayansa ya ce lambar motar ba ta ƙasar nan ba ce. Wata mata ta kira tana kuka, ta ce yara uku sun ɓata. Wani ya ce mutumin jar hula yake sawa. Layukanmu biyu ba su huta ba har ƙarshen shiri, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi nake ji. Duk mai aikin nan ya san wannan daɗin, na daren da gari gaba ɗaya ya koma kan tasharka. Da lokaci ya zo ƙarewa sai na rufe da maganar da har gobe nake jin ta a kunnena. Na ce, "Jama'a, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Bakin mutum 14 ba zai haɗu a kan ƙarya ba. Kowa ya sa ido."

Washegari da tsakar rana wani magidanci ya tsaya da farar mota a ƙofar wata lakwal, ba ma wadda aka ambata ba. Motar aro ce. Daga ƙauye ya zo saboda matar ƙaninsa tana naƙuda a gidan likita, aka aike shi ya ɗauko ƴar ƙanin nasa. Yarinya ba ta saba da shi ba, da ya kama hannunta sai ta fashe da kuka. Wani ya yi ihu. Ƴan kabu-kabu suka taru, masu talla suka taru, masu wucewa suka taru. Kafin ƴan sanda su ƙwace shi an karya masa ƙafa da haƙarƙari biyu, an farfasa motar mutane. Ko hula babu a kansa.

Mai haɗa mana sauti yana da wata ɗabi'a da nake yi masa dariya a kanta: duk lambar da ta shigo sai ya rubuta ta a wani ɗan littafi. Ranar na karɓi littafin na shiga ofis na kulle, na kira mutanen nan 14 ɗaya bayan ɗaya. Tambaya guda na yi wa kowa: me ka gani da idonka? Mutum tara suka ce a shirina suka ji, suka kira don su ƙarfafa maganar. Lamba ɗaya a kashe take. Mutum uku suka ce wani saƙon murya aka turo musu a WhatsApp. Na roƙi ɗayansu ya turo mini, na buɗe, sai na ji muryata. Wani ne ya naɗi farkon shirin ya watsa, ya zagayo ya same su, suka kira ni suna ba ni labarin da ya fito daga bakina. Na ƙarshe shi ne wanda ya fara kira. Abin da ya gani shi ne farar mota a tsaye kusa da lakwal kwana biyu a jere. Zancen alewa kuwa, maƙwabciyar matarsa ce ta faɗa. Babu yaron da ya ɓata a garin nan cikin wannan mako.

Na nemi hutu na tafi wajen kawuna, yayan mahaifiyata, a wani ƙauye kusa da Magariya. Ban je neman hikima ba, gudu na yi, don a can babu wanda zai gane muryata a kasuwa. Kawu manomi ne, amma an fi saninsa da zuma. Yana saƙa amya da kansa, ya shafe ta, ya turara ta, ya hau gawo ya ɗaure. Lokacin gawo ya yi fure, ƙuda suna ta kai da kawowa. Kwana biyu da zuwana ya ce in zo in ga baƙi. Muka je bayan gonarsa, sai ga wani dunƙule baƙi-ƙirin yana rataye a reshen bagaruwa, girmansa ya kai tulu ƙarami. Ƙudan zuma ne zalla, sun hau bayan juna, babu saƙa babu rufi.

"Tun jiya suke nan," in ji Kawu. "Shawara suke yi."

Na ce, "Kawu, wace irin shawara? Ba sarkinsu ne yake kai su inda ya ga dama ba?"

Ya ce, "Kai ɗan nan, boko bai koya maka komai ba. Sarkin yana can tsakiya a lulluɓe, ina ya ga hanya?"

Ya riga ya ɗaura sabuwar amya a wani gawo da ke kusa, yana sa rai. Mun ga ƙuda ɗai-ɗai suna shiga cikinta suna fitowa. A rana ta uku da hantsi dunƙulen nan ya watse cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, ya zama gajimare mai kuka, ya wuce ta saman amyar Kawu ko waiwaye babu, ya nufi wata tsohuwar kuka can gefen fadama. Kawu ya yi dariya ya kakkaɓe hannu. "Sun duba, ba ta yi musu ba."

Na ɗauki maganarsa a matsayin irin zancen tsofaffi. Sai bayan na dawo, cikin dararen da barci ya ƙi zuwa, na shiga karance-karance a kan ƙudan zuma, na tarar Kawu bai yi ƙari ba ko kaɗan.

Wani Bajamushe mai suna Martin Lindauer ne ya fara lura da abin, a birnin Munik, ƴan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu. Shi ɗalibin Karl von Frisch ne, wanda ya gano cewa ƙudan zuma suna gaya wa juna inda fure yake ta hanyar rawa, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1973. Rawar kamar lamba 8 take: ƙuda zai miƙe yana karkaɗa jiki, ya zagayo, ya sake miƙewa. Inda ya fuskanta yana nuna sashen da za a bi idan an auna da rana, tsawon karkaɗawar kuma yana nuna nisa. Lindauer ya ga wasu ƙuda suna wannan rawa a bayan dunƙule irin wanda na gani, amma jikinsu babu garin fure. Wasu baƙin toka ne a jikinsu, wasu jar ƙurar bulo. Ashe daga cikin rusassun gine-ginen da bama-bamai suka bari suke fitowa, suna neman kogon zama. Ya riƙa karanta rawar, ya san inda za su tun kafin su tashi, wani lokaci har ya bi su da gudu cikin kangayen birnin.

Wanda ya ƙarasa aikin shi ne Thomas Seeley na jami'ar Cornell a Amurka. Ya riƙa kai ƙuda wani ƙaramin tsibiri mai suna Appledore, inda babu manyan itatuwa masu kogo, don ya zamana akwatunan da ya ajiye ne kawai zaɓinsu. Ya shafa wa ƙuda fenti kala-kala don ya gane kowanne. Abin da ya gani shi ne, cikin taron da ya kai ƙuda 10,000, ƴan ɗari kaɗan ne suke fita neman gida, kuma tsofaffin ma'aikata ne. Sarauniya, wadda Kawu yake kira sarki, ba ta da ta cewa. Kowane ɗan leƙe zai tafi shi kaɗai. Idan ya sami kogo zai shiga ya yi ta tafiya a bangonsa yana auna faɗinsa, ya duba ƙofar ko ƙarama ce, ya fita ya sake shiga. Idan ya dawo sai ya yi rawa gwargwadon kyan wurin: wuri mai kyau zagaye da yawa, wuri dama-dama zagaye kaɗan. A rana ta farko za ka ga ana rawar wurare goma ko fiye, kowa da nasa.

A nan ne na ajiye wayar na tashi zaune. Ƙudan da ya kalli rawar wani, ba ya kama rawar nan take. Sai ya tashi ya je wurin da kansa, ya shiga ya auna, sannan ya dawo ya yi rawa daidai da abin da shi ya gani. Idan wurin bai kai yadda aka kururuta shi ba, rawarsa za ta zama gajeriya, ko ma ya yi shiru. Saboda haka kuskuren ƙuda ɗaya ba ya yaɗuwa, yana mutuwa a ƙafar na biyu ko na uku.

Akwai wani abu kuma da ban taɓa ganin irinsa a taron ƴan Adam ba. Duk ɗan leƙe, komai kyan wurin da ya samo, rawarsa tana raguwa duk lokacin da ya je ya dawo, har ya daina gaba ɗaya ya koma gefe. Ba sai an kayar da shi a muhawara ba. Shi da kansa yake sauka, ya bar wa sababbin idanu. Idan wurin na kirki ne, waɗanda ya jawo sun riga sun jawo wasu. Idan ba na kirki ba ne, maganar ta bi iska. Ku kwatanta da mu, da mutum zai faɗi abu a majalisa tun yana saurayi, ya tsufa yana kare shi don kada a ce ya janye.

Ba a jiran kowa ya yarda kafin a tashi. Ƴan leƙen da suke wurin suna lura da yawan ƴan uwansu da suka taru a ƙofar kogon. Idan sun kai kimanin 20 zuwa 30 a lokaci guda, sai su koma su ratsa cikin dunƙulen suna wata ƴar ƙara, kowa ya ɗumama naman fukafukansa, a tashi. A wani gwaji Seeley ya ajiye akwati biyar, huɗu ƙanana masu cin lita 15, ɗaya babba mai cin lita 40, irin wanda suka fi so. Cikin taro biyar da ya gwada, huɗu sun zaɓi babban, ko da yake sau da yawa ƙaramin aka fara ganowa. Kuma ba ma'asumai ba ne. Lindauer ya ga wani taro da ɓangarori biyu suka yi kunnen doki, suka tashi sama kowa yana ja nasa gefe, har sarauniyar ta ɓace musu. Amma ga ƙwaron da ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, huɗu cikin biyar ba abin rainawa ba ne. Ni da takardar shaidar aikin jarida daga Yamai, a daren nan sifiri na ci cikin 14.

Kada mai karatu ya ɗauka duk taron ƙwari haka yake. Ni ɗan Damargu ne, a wani ƙauye na yankin Tanut aka haife ni, kuma ina da shekara 13 lokacin da farar ɗango ta sauka mana a ƙarshen daminar 2004. Da la'asar ne. Mun ɗauka hadari ne ya haɗo daga arewa, har wasu mata sun fara kwashe shanya. Sai hadarin ya fara ƙyalli, sai muka ji sautinsa. Duk ƙauyen muka fita da gwangwanaye da tasoshi muna kaɗawa, aka kunna hayaƙi a gefen gonaki, mahaifina yana gudu tsakanin kunyoyi yana kaɗa babbar rigarsa. Hatsi ya riga ya fitar da kai. Da gari ya waye kara ne kawai a tsaye, rassan itatuwa wasu sun karye don nauyi. Damina ma ta ɗauke da wuri a shekarar, abu biyu suka haɗu, aka shiga yunwar 2005 da duk ɗan Nijar ya sani. Awakinmu suka tafi ɗaya bayan ɗaya, mahaifina ya bi su zuwa ci-rani. Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin, da hankalin yaro, shi ne rediyo tana ta gargaɗi kada a ci farar da aka fesa wa magani. Ta cinye mana abinci, mu kuma an hana mu rama da mai da yaji.

A idona na yaro, rundunar nan tana da kwamanda. Yaya za a yi miliyoyin halittu su juya lokaci guda, su sauka lokaci guda, in babu mai ba da umarni? Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce taron fara mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya yana ɗauke da fara miliyan 40 zuwa 80, yana iya cin abincin mutum 35,000 a rana guda, kuma yana iya tafiyar kilomita 150 a yini. A 1988 har teku suka ƙetare daga Afirka ta Yamma zuwa tsibiran Karebiyan.

Babu kwamanda. Abin da ya fi ban mamaki ma, farar nan a asalinta mai gudun jama'a ce. Idan tana ita kaɗai a daji launinta kore ne ko na ƙasa, tana ɓuya, idan ta ga ƴar uwarta sai ta kauce. Bambancinta da mai tafiya cikin runduna ya yi yawa har masana sun daɗe suna ɗaukar irin waɗannan a matsayin jinsi biyu, sai a 1921 wani masani ɗan Rasha, Boris Uvarov, ya nuna cewa halitta ɗaya ce mai fuska biyu. Abin da yake juya ta shi ne cunkoso. Idan aka yi ruwa a hamada suka hayayyafa, sannan ciyawa ta fara bushewa, sai dole ta tara su a ƴan wuraren da suka rage kore. A nan suke gogar juna. Stephen Simpson da abokan aikinsa a Oksfod sun ɗauki burushin fenti mai laushi suna shafar sassan jikin fara ɗaya bayan ɗaya, suka gano cewa cinyar baya ce makunnin. Idan aka yi ta shafar wurin na ƴan sa'o'i, sinadarin serotonin yana ƙaruwa a jikinta, sai mai gudun jama'a ta koma mai neman jama'a. Launi da siffa su biyo baya.

To me yake sa su tafiya gaba ɗaya, sashe ɗaya? Masu binciken sun zuba ƴaƴan fara, waɗanda ba su yi fiffike ba, cikin wani fili mai zagaye suna ɗaukar hotonsu. Idan kaɗan ne kowa harkarsa yake yi. Idan suka yi yawa sai su jeru su kama zagaye kamar sojoji. Amma sun lura da wani abu: da yamma adadin ba ya cika. Ashe cin juna suke yi. Fara tana ƙishin gishiri da abinci mai gina jiki, kuma mafi kusa da ita shi ne jikin ta gabanta. Wadda ta tsaya, ta baya za ta cije ta. A binciken da suka fitar a 2008, da suka yanke jijiyar da take sa fara ta ji taɓi a bayanta, sai tafiyar ta ragu ƙwarai. Wato abin da na gani a sararin ƙauyenmu ina ɗauka haɗin kai ne, kowace ɗaya gudun cizon ta baya take yi, tana kuma harin ta gaba.

Na yi tunanin ƴan kabu-kabun nan da sauran waɗanda suka taru a ƙofar lakwal. Na san wasunsu. Mutane ne da idan ka haɗu da su ɗai-ɗai za su ɗauke ka kyauta in ba ka da ko dala. Daga baya ɗaya daga cikinsu ya ce mini shi bai san ma me mutumin ya yi ba, amma ya ga idan ya tsaya yana kallo za a ce da shi aka haɗa baki. Ban ce wannan ya wanke shi ba. Ni dai da na yi sa'a ɗaya da rabi ina shafar cinyar gari da burushi, ba ni da bakin zaginsa.

Akwai wata tururuwa a dazukan Kudancin Amurka, ƴar uwar kwarkwasarmu, wadda kusan makauniya ce, ƙanshin sawun ta gabanta take bi. Yawanci dabarar tana yi musu aiki sosai. Amma wani lokaci kan layin yakan lanƙwaso ya haɗu da wutsiyarsa. Wani masani, William Beebe, ya ba da labari a 1921 cewa ya ga irin wannan da'ira a Guyana, kewayenta ya kusa mita 370, kowace tururuwa tana ɗaukar sa'a biyu da rabi kafin ta zagayo. Haka suka yi ta yi har kwana biyu suna faɗuwa suna mutuwa. Kowace ɗaya tana da hujja: ga sawu nan a gabanta, sabo, mai ƙarfi, kuma ƙara ƙarfi yake yi. Da na karanta wannan sai na tuna saƙon muryar da aka turo mini.

Karin maganar da na jawo a daren nan ba ƙarya ba ce, wurin da na sa ta ne ba nata ba. An gwada abin a kan mutane. A 1906, a wata kasuwar baje kolin dabbobi a Plymouth ta Ingila, an sa gasar cankar nauyin naman wani sa bayan an yanka an gyara. Francis Galton ya karɓi takardun mutum 787 ya jera su, ya tarar na tsakiyarsu ya ce laba 1,207, nauyin gaskiya kuwa laba 1,198. Amma kowa da idonsa ya kalli san, kuma kowa a takardarsa ya rubuta. A wani nazari da aka fitar a 2011, wasu masu bincike a Zurik ta Suwizalan sun tara ɗalibai 144 suna yi musu tambayoyin ƙiyasi, kamar tsawon iyakar ƙasarsu da Italiya. Da aka bar wasu suna ganin amsoshin ƴan uwansu kafin su sake amsawa, sai amsoshin suka matso kusa da juna, ba tare da sun matso kusa da gaskiya ba. Abin da ya ƙaru shi ne tabbacin da kowa yake ji a ransa. Shirin kiran waya kuwa, idan ka duba, an gina shi ne daidai a kan wannan: kowane mai kira ya ji duk waɗanda suka riga shi.

Da na koma aiki na sauya abu biyu. Duk wanda ya kira da labarin wani abu da ya faru, kafin a sa shi a iska mai haɗa sauti zai tambaye shi, ni ma in sake tambayarsa kowa yana ji: "Ka gani da idonka, ko ji ka yi?" In ya ce ji ya yi, sai in ce daga wa. In ya ce a nan tashar, sai in yi masa godiya in ce to ba mu ƙaru ba. Na biyu, na daina ƙirga kira a matsayin shaida. Kira 20 da suka fito daga baki ɗaya, ɗaya nake rubutawa.

Ba zan ce muku abin ya yi farin jini ba. Shirin ya rage zafi. Wani dattijo da ya shekara yana kiranmu ya ce na mai da shi maƙaryaci a gaban jama'a, bai sake kira ba, kuma ina jin rashinsa don mutum ne mai ban dariya. Shugaban tasharmu ya kira ni ofis ya nuna mini cewa masu ba da talla suna son inda ake hayaniya. Yana da gaskiyarsa, albashinmu daga nan yake fitowa. Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Ƙudan zuma suna da kwana biyu ko uku na rataya a reshe, kuma dukansu abu ɗaya suke so, gida mai kyau. Mu a nan wani lokaci labarin da ba a tabbatar ba shi ne yake ceton rai. A ƙasar da mutanen ƙauye suke kiran rediyo su ce an ga baƙin babura sun nufo, idan na tsaya sai wanda ya gani da ido, ina iya zama sanadin wata asarar ta daban. Ranar da irin wannan kira ya shigo, nakan faɗa, in kuma faɗi cewa mutum ɗaya ne ya faɗa kuma ji ya yi. Ko hakan ya isa, kullum da wannan tambaya nake rufe makirfo.

Mutumin da aka daka, sai bayan wata huɗu na iya zuwa ƙauyensu. Na sayi goro da sukari, na hau motar kasuwa. Na same shi a zaure yana gyaran igiyar guga, ƙafar a miƙe, sanda a gefe. Na gaishe shi, na faɗi sunana. Ya ce tun daga sallama ya gane muryar.

Na ce, "Baba, na zo neman gafara ne. Maganar daga bakina ta fita."

Ya daɗe bai ce komai ba, yana ta murza igiyarsa. Sannan ya ce shi ma a daren nan yana sauraren shirin, a gidan ƙaninsa, suna jiran labarin mai naƙuda. Ya ce da ya ji an ce yara uku sun ɓata, shi ne ya ce wa ƙanin nasa gobe kada a bar yarinya ta dawo ita kaɗai, shi zai ari mota ya je ya ɗauko ta.

Ya ce in bar goron, in mayar da sukarin, likita ya hana shi. Ya kira wani yaro ya ce a kawo mini ruwa.